Darasin Wannan Wata: Waya Mai Magana Ba Aljanu Ba Ne

Darasinmu na yau a kan waya ne da kwamfuta. Ku karanta a hankali. In da hali, kowa ya riƙe wayarsa a hannu, yana karantawa yana dubawa.

Abin da ya jawo darasin

Kwanan baya na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Bodinga. Bayan an tashi, wani dattijo ya jawo ni gefe. Ya ciro waya daga aljihu ya ce, "Malam, wayag ga ta haukace. Duk inda na taɓa sai ta yi ta Turanci. Ko kira ba na iya ɗauka."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce kwana huɗu ke nan, tun ranar da jikansa ya yi wasa da ita. Wasu sun ce masa iska ce ta shige ta. Wani mai gyara kuma ya ce sai an yi mata fulashin, wato a share duk abin da ke ciki. A cikin wayar akwai lambar ɗansa da ke ci-rani a Kudu. Akwai kuma lambobin dillalan da ke sayen albasarsa. Da an share, wataƙila sun tafi ke nan.

Na danne maɓalli biyu, na ƙirga uku. Wayar ta yi shiru. Ko sisi bai kashe ba. Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya fi dare duhu.

Mene ne wannan murya?

Wayar ba ta lalace ba. Masu ƙera waya da kwamfuta suna sa wasu abubuwa a ciki domin masu buƙata ta musamman. Akwai na makafi. Akwai na masu raunin gani. Akwai na wanda hannunsa ɗaya ne, ko wanda hannunsa ke rawa.

Muryar da dattijon nan ya ji sunanta TalkBack. Kamfanin Google na Amurka ne ya fito da ita a shekarar 2009. Tana cikin wayoyin shafa masu Android, irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung. Aikinta shi ne ta karanta wa makaho abin da ke fuskar waya. Da ita makaho yake kira da aika saƙo ba tare da ɗan jagora ba. Amma in ta kunnu a wayar mai gani, sai ta rikita shi. Takan kunnu in yaro ya danne maɓallan ƙara, ko in wayar ta matsu a aljihu.

Yadda za ka gane ta

1. Wayar tana faɗin sunan duk abin da ka taɓa.
2. Wani layi, galibi kore, yana kewaye abin da ka taɓa.
3. Taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai.

Hanya ta farko: maɓallan ƙara

A gefen waya akwai maɓallin ƙara murya da na rage murya. Danne su duka biyun a lokaci ɗaya. Kada ka saki sai ka ƙirga uku a hankali. A wayoyi da yawa wannan ya isa.

Hanya ta biyu: ta cikin saiti

In hanyar farko ba ta yi ba, sai ka bi ta cikin saiti. Amma fara riƙe waɗannan ƙa'idoji uku, domin in muryar tana kunne wayar takan canja hali:

Taɓawa ɗaya, zaɓe ne kawai.
Taɓawa biyu da sauri, buɗewa ne.
Jan shafi sama ko ƙasa, da yatsa biyu ake yi.

To, ga matakan:

1. Nemi hoton ɗan zagaye mai haƙora, kamar wanda sarƙar keke take hawa. A ƙarƙashinsa an rubuta Settings. Taɓa shi sau ɗaya, sannan sau biyu da sauri.
2. Ja shafin da yatsa biyu har ka ga kalmar Accessibility. Doguwar kalma ce, ta fara da A da c da c. In ba ka gan ta ba, duba cikin System ko Additional settings.
3. Buɗe ta, ka nemi TalkBack. Buɗe shi.
4. Akwai ɗan makunni a sama. Taɓa shi sau ɗaya, sannan sau biyu.
5. Wayar za ta tambaye ka. Zaɓi Stop ko OK.

A wannan shafin akwai TalkBack shortcut. Shi ne gajeriyar hanyar nan ta maɓallan ƙara. In ba ka buƙatarsa, kashe shi, don kada yara su sake kunno maka muryar.

Wasu abubuwa biyu a waya

In rubutu da hotuna suka kumbura har suka fi ƙarfin fuskar waya, wannan shi ne Magnification. An yi shi ne don masu raunin gani. Taɓa fuskar wayar sau uku da sauri, galibi za ta koma daidai. In kuma fari ya koma baƙi, hoton mutum ya zama kamar dodo, wannan shi ne Colour inversion. Dukansu biyu a cikin Accessibility ake kashe su.

Saura kwamfuta

Wani zai ce, ina ruwan manomi da kwamfuta? Da ruwansa. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a kwamfuta ake yin ta. 'Ya'yanmu na Sifawa da Kajiji da Shagari suna zuwa koyon ta kafin jarrabawa. Sabon hannu yakan danne maɓalli ba da saninsa ba, sai ya ɗauka ya ɓata kayan mutane, ya tsorata. Ga abubuwa biyar da suka fi faruwa a kwamfuta mai Windows. Sunayen maɓallan a rubuce suke a jikinsu.

1. Sticky Keys. Yakan taso in an danna Shift sau biyar a jere. Kwamfuta za ta yi ɗan kuka ta yi tambaya. Zaɓi No. In ya riga ya kunnu, sake danna Shift sau biyar. An yi shi ne don mai aiki da hannu ɗaya.
2. Filter Keys. Yakan kunnu in an danne Shift na dama har daƙiƙa 8. Sai ka danna harafi ya ƙi fitowa, ka ɗauka allon rubutun ya mutu. Sake danne Shift na dama daƙiƙa 8. An yi shi ne don mai rawar hannu.
3. Narrator. Shi ne ɗan'uwan TalkBack, muryar da ke karatu. Danna Ctrl da maɓalli mai hoton taga da Enter gaba ɗaya.
4. Magnifier. Yana kumbura rubutu. Danna maɓalli mai hoton taga tare da Esc.
5. In launin fuskar kwamfuta ya juye ya koma baƙi ƙirin, danna Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen gaba ɗaya.

In ka manta duk waɗannan, danna maɓalli mai hoton taga tare da harafin U. Zai kai ka shafin da aka tara su duka. A Windows 10 sunan shafin Ease of Access. A Windows 11, wadda ta fito a 2021, sunansa Accessibility. Amma a ɗakin jarrabawa, yaro ya ɗaga hannu ya kira mai tsaro, kada ya yi ta danne-danne lokaci yana tafiya.

Gargaɗi

Na ɗaya, kada ka yarda a yi wa wayarka fulashin saboda wannan. Ba ciwo ba ne, saiti ne.

Na biyu, in za ka ba wani ya duba maka, tsaya a kansa. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka ta banki. Gyaran nan ba ya buƙatarta.

Na uku, tambayi mai waya kafin ka kashe masa komai. In ka ɗauki wayar makaho ka ji tana magana, kada ka ce za ka gyara masa. Wannan murya ita ce idonsa. Wanda ya kashe ta kamar ya ɗauke masa sanda ne a tsakiyar kasuwa. A Sakkwato akwai makarantar Abdurrashid Adisa Raji ta masu buƙata ta musamman, inda makafi da kurame suke karatu. A shekarar 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna musu bambanci. Su ma masu haƙƙi ne a kan waya da kwamfuta.

Haka kuma, abin da ka kashe yau wataƙila gobe ka neme shi. In ido ya fara rauni, shafin nan na Accessibility shi ne zai ƙara maka girman rubutu, ka ci gaba da karatunka.

Sababbin kalmomi

Settings: wurin saita waya.
Accessibility: wurin kayan taimakon masu buƙata ta musamman.
Stop: tsaya.
Off: a kashe.
On: a kunne.

Tambayoyi

1. Don wa aka yi TalkBack?
2. Maɓalli nawa ake dannewa a gefen waya don kashe ta?
3. In muryar tana kunne, da yatsa nawa ake jan shafi?
4. Me ke faruwa in an danna Shift sau biyar?
5. Me ya sa bai kamata a kashe muryar a wayar makaho ba?

Aikin gida

Kwafi kalmomin nan biyar a littafinka sau uku-uku. Sannan ka nemo kowacce a cikin wayarka ko ta maƙwabci. Malaman aji su karanta darasin tare da ɗalibai, maza da mata, kowa ya gwada da hannunsa. Wanda ya iya ya koya wa mutum biyu a unguwarsu. Wanda ya kakare ya tambayi malaminsa, domin matambayi ba ya ɓata.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.