Mazari a Bakin Tabki

In damina ta sauka a ƙasar Adar, tun daga Barmu har babban tabkin Tabalak, ruwa yakan kwanta ko'ina. Ku aiki yaro bakin tabki da hantsi, ya zo ya faɗa muku abin da ya gani. Lalle zai ambaci mazari, mai fukafukai huɗu da manyan idanu.

Mazari maharbi ne. A cikin iska yake cafke sauro da ƙananan ƙudaje. Amma babban aikinsa yana ƙarƙashin ruwa, inda ba mai gani. Macen takan sa ƙwai a ruwa. Abin da ya ƙyanƙyashe ba shi da fiffike, launinsa kamar laka. Yakan laɓe cikin taɓo, in tsutsar sauro ta gifta sai ya harba leɓensa na ƙasa, mai ƙugiya, ya fizgo ta. Haka zai yi ta ci makonni da dama kafin ya hau kara, ya tuɓe fatarsa, ya tashi.

A Karin Magana sura 30 an nuna mana ƙananan halittu huɗu domin mu koyi hikima daga gare su. Ba a ambaci mazari a ciki ba, amma Ubangijin da ya yi su shi ya yi shi, ya kuwa ba shi aikinsa.

To, ina ruwanmu? Tun 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano a ƙasar Indiya cewa ƙwayar masassara tana cikin cikin sauro. Wannan ciwo ne yake ɗauke mana yara lokacin kaka. Manomin da ya wanke famfon feshi a tabki ya kashe 'ya'yan mazari ke nan. Sauro kuwa, daga ƙwai zuwa tashi kwana 10 kan ishe shi da zafi, don haka shi zai riga komowa. A ganina wannan ba ƙaramin laifi ba ne ga maƙwabci, balle dabbobinmu ma nan suke sha.

Kada dai wani ya ce mazari ya isa. Ramin da aka haƙa ƙasar tubali, da sawun shanu, da fasasshen tulu bayan ɗaki, galibi ba maharbin da yake tsaronsu. Waɗannan aikinmu ne: a cike ramin, a kife tulun. Yara su kwana cikin gidan sauro. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe.