Gejin Turbo: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Sauya Shi

Direban da ya ɗauko buhunan hatsi daga Yasore zuwa Batsari ko Safana ya san cewa lalacewar mota a hanyar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ba ƙaramar masifa ba ce. Da yawa daga cikin manyan motoci da taraktoci da a-kori-kura na wannan zamani suna ɗauke da wata na'ura da ake kira turbo, wadda ke ƙara wa inji ƙarfi. Wasu motocin suna da geji a gaban direba mai nuna aikin wannan na'ura. Idan gejin ya mutu, ko ya zamana ba ya nuna lambobi sai launi kawai, akan sauya shi da wani. Wannan darasi zai bayyana kimiyyar da ke cikin aikin.

Mene Ne Turbo?

Inji ba ya ƙona mai sai da iskar oksijin, wadda ita ce kimanin kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Gwargwadon iskar da ta shiga silinda, gwargwadon man da za a iya ƙonawa, gwargwadon kuma ƙarfin da za a samu. Turbo fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta biyun tana cusa iska cikin inji. Sukan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma sai a 1962 aka fara sayar da ƙananan motoci masu turbo a Amurka.

Abin da Geji Ke Aunawa

Iskar da ta kewaye duniya tana da nauyi, tana kuma danna kowane abu. A bakin teku wannan matsi ya kai kimanin ba 1, wato daidai da matsin ruwa mai zurfin mita 10. A tudu mai tsayin mita 500, kamar yawancin ƙasar Katsina, yakan ragu zuwa kimanin ba 0.95. Gejin turbo yana nuna bambanci ne tsakanin matsin da ke cikin bututun shigar iska na inji da matsin iskar waje. Alal misali, idan allurarsa ta nuna ba 0.8 a Yasore, jimlar matsin da ke cikin bututun ita ce 0.95 a tara da 0.8, wato ba 1.75. Sai dai iska takan yi zafi idan aka matse ta, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, shi ya sa motoci da yawa ke da na'urar sanyaya ta kafin ta shiga inji.

Geji iri biyu ne. Na farko yana da wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe a cikinsa, wanda Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi rajistarsa a 1849. Idan iska ta matsa, bututun yakan ɗan miƙe, ya ja wasu ƙananan haƙora, su kuma su juya allura. Na biyu na lantarki ne: wata 'yar na'ura ke jin matsin, ta aika saƙo ta waya zuwa fuskar geji.

Zaɓen Sabon Geji

A nan ne ake yawan yin kuskure. Injin fetur yana da wani murfi da totur ke buɗewa. Idan mota tana silo, murfin a kusan rufe yake, fistin yana zuƙo iska da ƙyar, sai matsi ya faɗi ƙasa da na waje, zuwa wajen ba 0.6 ƙasa da sifili. Don haka injin fetur yana bukatar geji mai lambobi ƙasa da sifili da kuma sama da shi. Injin gas kuwa galibi ba ya shaƙe iskarsa haka, allurarsa takan tsaya kusa da sifili a silo. Wajibi ne kuma lambar ƙarshe ta geji ta zarce matsin da kamfani ya ƙayyade wa injin.

Matakan Sauyawa

1. A kashe inji, a bari ya huce, a cire wayar batir ta baƙi.
2. A nemi ƙaramin tiyon da ya fito daga bututun shigar iska, bayan murfin totur idan injin fetur ne, a sa mahaɗi mai baki uku.
3. A ja sabon tiyo zuwa cikin mota ta ramin da ke da zoben roba, nesa da salansa, kada ya narke ko ƙarfe ya yanke shi.
4. A ɗaure kowane baki da kilif, domin matsi yana iya fizge tiyo.
5. A haɗa wayar fitilar geji ta hanyar fis.
6. Kada a cire na'urar jin matsi ta kamfani, domin kwamfutar mota da ita take lissafin man da za ta bai wa inji.

Kafin a tayar da inji, allurar geji mai bututun Bourdon ta kasance a kan sifili. In ba haka ba, gejin ba shi da gaskiya.

Karanta Geji

Geji ba ya ƙara wa mota ƙarfi, labari kawai yake bayarwa. Idan a kan hawa allura ta kasa kaiwa inda ta saba, ga kuma baƙin hayaƙi, to inji yana ƙarancin iska. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska, ko tiyo ne ya tsage. Idan kuwa allura ta zarce iyaka, mai yiwuwa ƙofar da ke karkatar da rarar hayaƙi daga fanka ce ta maƙale a rufe. Wannan ya fi haɗari, domin yana iya ƙona gaskit ko ya lalata fistin. Direba ya sassauta totur nan take, ya nufi wurin makaniki. Rigakafi ya fi magani.

Gwaji a Aji

Malami ya sami tiyo mai haske, ya lanƙwasa shi kamar harafin U, ya ɗaure a jikin allo, ya zuba ruwa zuwa rabi. Ɗalibi ya hura baki ɗaya a hankali, wani ya auna bambancin tsayin ruwan a ɓangarorin biyu. Kowane santimita 10 daidai yake da kimanin ba 0.01. Daga nan ɗalibai su lissafa tsawon tiyon da za a bukata kafin a auna ba 0.8 da ruwa, su kuma bayyana dalilin da ya sa masu mota suka gwammace bututun Bourdon.