Kare Kai a Gaban Kotun Ladabtar da Ma'aikatan Jinya

Duk wanda ya san Tudun Wadar Zariya ya san tsohon Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka mai da mazauninsa Shika a 2005, ya kuma san ɗaliban jinya da ke kai da kawo a wajen cikin fararen kaya. Ana koya musu allura da ƙarin ruwa da wanke ciwo. Akwai kuma darasin da lauyoyin Kongo, can kusa da su, suka fi su sani: me nas za ta yi ranar da aka zarge ta da saɓa wa ƙa'idar aiki?

Hukumar da ke da ikon hukunta ta ita ce Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda Doka ta 89 ta 1979 ta kafa. Ita ke yi wa nas rajista, ita ke ba ta lasisi, kuma tana da kotun ladabtarwa. Kotun na iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Wannan na ƙarshe ya fi kora daga aiki muni, domin wadda aka kora tana iya neman wani asibitin, amma wadda aka soke sunanta an rufe mata ƙofar sana'ar baki ɗaya.

Garkuwa ta farko ita ce sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya wajabta a saurari kowane ɓangare, kuma masu yanke hukunci su kasance ba su da son rai a cikin maganar. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alƙalanmu sun daɗe da sanin i'izari, wato a tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin a yanke masa hukunci. Saboda haka nas na da haƙƙin a sanar da ita tuhumar filla-filla, a ba ta lokacin shiri, ta zo da lauya, ta yi wa shaidu tambayoyi, ta kawo nata.

Shari'o'in da suka share wannan hanya ba na nas-nas ba ne, amma lauyansu da su zai kafa hujja. A 1968 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin da kotun ladabtar da likitoci ta yanke wa Dakta Denloye, ta ce idan zargi ya kai matsayin laifin da dokar ƙasa ke hukuntawa, to, kotu ce za ta saurare shi. A 1986 ta sake jaddada haka a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda aka kori ɗalibai bayan tarzoma. Ke nan idan an zargi nas da satar magani, lauyanta na iya cewa a fara zuwa kotu tukuna. Sai kuma shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001: wata majinyaciya ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda aƙidarta, ta rasu, aka dakatar da likitan wata 6. Kotun Ƙoli ta wanke shi, domin baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani.

Amma a ganina, garkuwar da ta fi ƙarfi nas ce ke saƙa ta da hannunta tun kafin a yi ƙara, wato abin da ta rubuta a fayil ɗin majinyaci. A ɗauka nas guda ce ke aikin dare a ɗaki cike da marasa lafiya, jikin wani ya rikice, ta aika a kira likita, bai iso ba sai da asuba. Bayan shekara biyu, wa zai tuna? Idan ta rubuta lokacin da ta auna jini da bugun zuciya, da lokacin da ta aika kira, da wanda ta aika, ta sa hannu, takardar za ta yi magana a madadinta. Ma'aunin da ake bi shi ne abin da nas mai matsakaicin ƙwarewa za ta yi a irin wannan hali, ba wai sai mara lafiya ya warke ba. Sai dai fa kul a koma a gyara rubutun bayan an ji ƙishin-ƙishin ƙara. Wannan kaɗai ya isa ya zama sabon laifi, ko da na farkon bai tabbata ba.

Idan takardar tuhuma ta iso, kada a amsa ta cikin fushi, kada kuma a jefa ta a lalita. A sanar da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, a nemi lauya kafin a rubuta ko kalma ɗaya. In hukunci bai yi daɗi ba, akwai damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu, amma wa'adinta ƙayyadadde ne, don haka a tambayi lauya adadin kwanakin tun ranar da aka karɓi takardar hukuncin.