Makarɓin Isturojin da Yadda Yake Sarrafa Ƙwayoyin Gado

Rubuce-rubucen kimiyya na Hausa kan gwama ma'anoni biyu a kalma guda, don haka a wannan maƙala "ƙwayar halitta" na nufin ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, "ƙwayar gado" kuwa yankin DNA ne mai ɗauke da umarnin ƙera wani furotin.

A shekarar 1958, Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya nuna cewa mahaifar ɓera tana kama sinadarin isturojin ta riƙe shi ba tare da ta sauya shi ba. Abin da ke riƙon shi ne makarɓi, wani furotin da ke cikin ƙwayar halitta. An daɗe ana zaton iri ɗaya ne, sai a 1996 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano na biyu. Ana kiran su alfa da beta.

Kafin isturojin ya iso, makarɓin yana ɗaure da wasu furotin masu tsare shi, irin su Hsp90. Da zarar sinadarin ya shige gurbinsa, sai makarɓin ya sauya siffa, ya saki masu tsaron, ya haɗu da ɗan'uwansa su zama biyu. A cibiyar ƙwayar halitta, su biyun sukan dafe wani jerin haruffan DNA goma sha uku. Sai dai dafewar kaɗai ba ta isa ba. Dole sabuwar siffar ta jawo furotin mataimaka, waɗanda ke sassauta ƙullin DNA domin a karanta ƙwayar gadon.

Nan ne muhimmancin al'amarin yake. Akasarin sankarar mama, kusan kashi 70 cikin ɗari, tana ɗauke da makarɓin alfa, kuma da isturojin take bunƙasa. Maganin tamoksifen yana shiga gurbin isturojin, amma yana karkata wani ɓangaren makarɓin ya toshe mazaunin mataimaka, sai ƙwayoyin gadon su yi shiru a mama. A mahaifa kuwa, inda mataimakan suka bambanta, maganin yakan yi aiki kamar isturojin, har ya ƙara haɗarin sankarar bangon mahaifa. Shi ya sa likitoci ke bincikar duk wata zubar jini ga matar da ta daina haila kuma take shan sa.