Sifirin Ɗin Bayan Tsohuwar Fijo: Darasi a Kan Dokar Hooke

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙasar Hausa ya san motar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara fito da ita a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN, wanda ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ya daɗe yana haɗa ta har zuwa 2006. Yanzu an daina ƙera ta, amma da yawa na nan a hannun masu su, wasu na lallaɓa su domin sha'awa, wasu domin neman abinci. Wata matsalar da sukan fuskanta ita ce zaman bayan mota, wato a ga gindinta ya yi ƙasa ko da ba ta ɗauki kaya ba. Galibi laifin na sifirin ne. To, yaya ake gane wanda zai maye gurbinsa? Amsar tana cikin darasin kimiyyar lissafi da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyin mota da shanye gargadar hanya. Shokabzoba kuwa ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kawai kwantar da tsallen da sifirin ke yi. Saboda haka wanda motarsa ta zauna, ya je ya sauya shokabzoba, ya yi asarar kuɗinsa ne kurum.

A 1678 wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya bayyana cewa lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. A ɗauka kilo 100 ya lotsar da shi santimita 4. To kilo 200 zai lotsar da shi santimita 8. Yawan nauyin da ake bukata domin a lotsar da shi santimita ɗaya shi ake kira taurin sifirin, wanda a wannan misali kilo 25 ne. Amma dokar tana da iyaka. Idan lodi ya wuce kima, ƙarfen ba ya komawa tsawonsa na asali. Haka kuma shekaru da yawan lotsawa da tsatsa sukan gajiyar da shi, ya rage tsawo ko ya tsage.

Abubuwa uku ne ke ƙayyade taurin sifirin mai naɗi, bayan irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Na farko kaurin wayarsa, kuma shi ya fi tasiri, domin tauri yana ƙaruwa da kauri sau kauri har sau huɗu. Idan aka sauya waya mai milimita 12 da mai milimita 13, tauri zai ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari, alhali ido ba zai ga bambanci ba. Na biyu faɗin naɗin: in ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, sifirin zai yi laushi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Na uku yawan zagayen da ke aiki: ƙarancinsu ke ƙara tauri. Wanda ya yanke zagaye ɗaya daga cikin takwas domin sifirin ya shiga gurbi, ya ƙara masa tauri da kusan kashi 14 cikin ɗari.

Wannan ya nuna cewa kama da wane ba ta wane. Ko a cikin 504 ɗin kanta akwai bambanci. Ƙaramar tana da sifirin mai naɗi ɗaya a kowane gefe na baya, doguwar mai ɗaukar iyali tana da bibbiyu, a-kori-kura kuwa tana amfani da sifirin mai falle-falle ne.

Don haka kafin a nufi kasuwar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya kamata a rubuta irin motar da shekararta da lambar shasinta. Sannan a ciro tsohon sifirin a auna kaurin wayarsa da ma'aunin kauri, ba da ido ba, a auna faɗin naɗinsa, a ƙirga zagayensa, a duba siffar bakinsa na sama da na ƙasa. Kada a dogara da tsawonsa kaɗai, tunda wanda ya gaji ya riga ya rage. Idan na gwanjo ne, a kankare datti a duba ramukan tsatsa, domin daga nan tsagewa ke farawa. A guji wanda aka yi wa walda ko aka gasa da wuta aka miƙar, saboda zafi yana lalata ƙarfin da aka ba ƙarfen a masana'anta. A kuma sauya na dama da na hagu tare, in ba haka ba motar za ta karkace.

Wannan ba batun kwalliya ba ne. Motar da bayanta ya zauna, fitilunta kan ɗaga sama su kashe idon mai tahowa. Wadda sifirinta ya yi tauri fiye da kima kuwa, tayoyinta kan riƙa tsalle a kan gargada su kasa kama ƙasa, musamman a kwana ko lokacin taka birki. Shi kansa sifirin da aka matse yana ƙunshe da ƙarfin da zai iya yi wa mutum mummunan rauni, shi ya sa cire shi aikin ƙwararren bakanike ne mai kayan aiki.

Gwaji a aji: malami ya rataye ƙaramin sifirin kusa da rula, ɗalibai su riƙa ƙara masa nauyi iri ɗaya suna rubuta yadda yake miƙewa, sannan su zana jadawali. Daga bisani a raba sifirin biyu daidai, a maimaita gwajin da rabi guda. Me ya sa rabin yake miƙewa rabin abin da cikakken ya miƙe? Wanda ya amsa wannan ya fahimci dalilin da ya sa ba a yanke sifirin mota.