Darasi na Bakwai: Aikin Rukuni Wajen Koyar da Tsara Fuskar Manhaja

7.1 Gabatarwa

Fuskar manhaja ita ce abin da mutum yake gani, yake dannawa, a jikin waya ko kwamfuta. A jami'o'i an fi koyar da tsara ta ta hanyar aikin rukuni: a haɗa ɗalibai huɗu ko biyar, a ba su matsala guda, su yi zangon karatu suna warware ta. Tun da Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya biyo baya a 2016, malamin Hausa ya sami gurbi a irin wannan rukuni, domin yawancin abin da ke kan fuskar kalmomi ne.

7.2 Misali Daga Kongolam

Kongolam gari ne na kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura. Ana hada-hada a nan da naira da sefa. A ɗauka an umarci rukuni ya tsara fuskar da ɗan canji zai riƙa lissafi da ita.

Matakin farko shi ne zuwa kasuwa a saurara. Nan ɗalibai za su tarar Bahaushen Nijar yana ƙirga kuɗi da dala, wato faran 5. Idan ya ce ɗari, faran 500 yake nufi. Jika a wurinsa faran 1,000 ce, alhali a Nijeriya jaka naira 200 ce. Fuskar da ta rubuta "ɗari" ba tare da bayyana ɗarin me ba za ta jawo wa wani asara, harshe ɗaya kuwa suke magana.

Daga nan sai a zana fuskar a takarda, a miƙa wa ɗan kasuwa ya nuna da yatsa inda zai danna. Jakob Nielsen ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan kurakurai. A wannan mataki akan yi gardama mai amfani a kan kalmomi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fasa" na iya nufin janyewa, na iya nufin farfasawa. "Soke" ma tana da ma'ana biyu. Ɗalibin kwamfuta ba kasafai yake lura da wannan ba.

7.3 Bayar da Maki

Babban aibin aikin rukuni shi ne mutum ɗaya ya yi wahala, biyar su ci maki. Maganinsa a ba kowa nauyi sananne, a kuma tambaye shi shi kaɗai dalilin kowace kalma da rukuninsa ya zaɓa.

Jinga: A rukuni-rukuni, a zana fuskar canjin naira da sefa a takarda, a gwada ta da mutum biyar, a rubuta inda kowannensu ya tsaya yana shakka.