Kuɗɗi sun fita daga ajiyarka ta banki ba da saninka ba: mi za ka yi?

Darasinmu na wanga karo bisa katin banki ne.

Da can, in mutum ya saida albasa ko wake ko rago, sai shi ƙulle kuɗɗinshi cikin tsumma, shi ɓoye su cikin rumbu. Ɓarawo sai ya haura darni kafin shi kai gare su. Yau mutane da yawa sun buɗe ajiya a banki. Akwai masu kati cikin ma'aikatan gidan siminti na Malbaza, da malaman makaranta, da masu noman rani na Ƙonni, da dillalan albasar Galmi, da fataken bisashe na kasuwar Badagishiri. Ajiyar banki abu ne mai kyau. Gara ba ta cin kuɗɗin, gobara ba ta ƙona su. Amma wani sabon ɓarawo ya fito wanda ba ruwanshi da darni. Shina iya zama wani birni mai nisa, shi ɗebe kuɗɗinka kana kwance cikin ɗakinka.

Mi ke rubuce bisa katin?

Malami shi zana katin bisa allo, kowa shi duba. A gaban katin akwai jerin lambobi, yawanci 16. Akwai sunan mai katin. Akwai wata da shekarar da katin zai daina aiki. In an rubuta 08/27, ma'ana watan 8 na shekarar 2027. A bayan katin akwai wasu ƙananan lambobi 3. Sannan akwai lambar asiri mai lambobi 4, wadda ake ce ma kod. Ita ba a rubuce take bisa katin ba. Banki ya ba ka ita kai kaɗai.

Katin kamar ƙofar rumbu ne, kod kuwa shi ne makulli. Da su biyu ake fidda kuɗɗi a injin banki, wanda ake ce ma gishe. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Mai sayen kaya ta intanet ba ya bukatar kod ɗinka, ba ya ma bukatar katin a hannunshi. Lambobin nan 16, da watan mutuwar katin, da lambobi 3 na baya sun ishe shi. Wanda ya ɗauki hoton katinka gaba da baya da salula, kamar ya kwafi makullin rumbunka ne. Wani lokaci banki kan aiko da wata lamba cikin salularka don a tabbata kai ne ke sayen. Ita ma wagga lamba asiri ce.

Katuna da yawa na ƙasarmu suna ɗauke da alamar GIM-UEMOA. Wannan tsari ne da anka kafa a 2003 don kati guda shi yi aiki cikin ƙasashe 8 masu kuɗɗin sefa na yammacin Afirka. Shi ya sa ɗan ci-rani ke iya fidda kuɗɗinshi a Abijan ko Lome ko Kwatano. Hanyar da ta sauƙaƙa ma ɗan ci-rani, ita ce ta sauƙaƙa ma ɓarawo.

Mu yi lissafi

Ga misali. Wani manomi ya saida albasarshi, ya zuba jikka 300 a banki, wato 300.000 F. Ya fidda jikka 50 ya sayi taki. Bayan sati biyu ya fidda jikka 20 na sunan jikanshi. Nawa ya kamata su rage? 300 a ɗebe 50, saura 250. A ɗebe 20, saura 230. To, ranar da ya je gishe, takardar da injin ya fiddo ta nuna 185.000 F. Jikka 45 sun yi ƙafa. Kuɗɗin ban ruwa ne na wata da watanni, da tashin asuba cikin sanyin hunturu.

Da wanga manomi bai iya karanta lambobi ba, da bai gane ba sai ranar da injin ya ce babu kome. Kuma da bai rubuta abin da yake fiddawa ba, da shi kanshi sai shi yi shakka. Saboda haka kowane mai kati shi samu ƙaramin littafi. Duk ranar da ka zuba ko ka fidda, rubuta rana da adadin. Ƙananan takardun da injin ke fiddowa, kada ka yar da su bakin ƙofar banki.

Duba ajiya ba ya cin ko dala. Tun 1 ga Oktoba 2014, babban bankinmu BCEAO ya sa wasu ayyukan banki su zama kyauta. Cikinsu akwai takardar lissafin ajiya ta wata wata, wadda ake ce ma relebe, da duba abin da ya rage a injin bankinka, da fidda kuɗɗi a injin bankinka. Ka nemi relebe, hakkinka ne. Ka kuma nemi banki shi riƙa aiko maka saƙo ta salula duk sa'ad da kuɗɗi sunka fita. Ka tambayi ko nawa ake biya ma wannan saƙo.

Kafin ka ce sata ce

Ba duk raguwar kuɗɗi ce sata ba. Banki kan cire kuɗɗin kati da wasu ƙananan kuɗɗin aiki. In ka fidda kuɗɗi a injin wani banki da ba naka ba, ana cire lada. Wani lokaci kuma injin kan ƙi fiddo kuɗɗi, amma a rubuta an ba ka. Wannan kuskuren inji ne, kuma ana kai kukanshi banki a gyara.

Sai maganar da ke da nauyin faɗi. Sau da yawa mai ɗibar kuɗɗin ba baƙo ba ne. Dattijo ya ga garin da nisa, ya ba yaro kati da kod ya ce shi fiddo mishi jikka 10. Yaro ya fiddo 15, ya kawo 10. Wani yaron kuma ya sa lambobin katin cikin salularshi don kallon wasa ko fim, shi ke nan duk wata ana cirewa. In kai ka ba da kod da bakinka, banki zai ce da yardarka anka fidda. Wasu kuma suna rubuta kod ɗin bisa katin don kada su mance. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku mata masu ƙungiyar asusu, in ƙungiyarku ta buɗe ajiya da kati, kada katin shi riƙa yawo hannu hannu. Ku riƙa karanta relebe gaban kowa ranar taro.

Na waje kuwa, dabarunsu sanannu ne. Wani shi tsaya bakin gishe shi ce zai taimake ka, shi ga kod ɗinka, shi musanya maka katin da wani matacce mai kama da shi. Wani shi kira ka ta salula shi ce daga banki yake, za a rufe ajiyarka in ba ka karanto mishi lambobin katin ba. Wani shi ce sunanka ya fito cikin masu samun taimako. Ka riƙe wannan: ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar kod ɗinka, ko ta salula ko ido da ido.

In ka tabbata ba kai ka fidda ba

Abu na farko, a rufe katin, yau ba gobe ba. A banki ana ce ma wannan opozisiyo. Ku maimaita kalmar har ta zauna a baki. Akwai lambar tarho da banki ke ba da ita don haka, sau da yawa tana bayan katin. Ka kwafe ta cikin littafinka tun yanzu, don in katin ya ɓace ya tafi da lambar.

Akwai doka bisa wannan. Ita ce doka mai lamba 15 ta shekarar 2002 ta ƙasashen UEMOA. Ta ce biyan da mutum ya yi da katinshi ba a warware shi don ya sake shawara. Amma ana iya yin opozisiyo in kati ya ɓace, ko an sace shi, ko an yi zamba da shi. Ta ce opozisiyo ta tarho karɓaɓɓiya ce, ko da ba ka riƙe lambar katin a ka ba. Sai dai dole ka je da kanka da takardunka ka tabbatar da ita cikin awa 24 na ranakun aiki. Wannan sharaɗi shi ne ke kada mutanen ƙauye. Mutum ya kira ranar Litinin, ya ce sai ranar kasuwa zai shiga gari. A'a. Ko kana Tajaye ko Bazaga ko Dogarawa, ka nemi mota ko kabu-kabu ka isa banki da katinka na ɗan ƙasa. Ka amshi takardar shaida mai rana da hatimi. Ita za ta nuna lokacin da ka sanar da su.

Daga nan ka nemi relebe. Ka zauna da ma'aikacin ku bi shi layi layi. Kowane layi na nuna rana da adadin da wurin da kuɗɗin sunka fita. Ka sa alama ga waɗanda ba ka sani ba. In an nuna an fidda kuɗɗi a Yamai ranar da kake cikin garkarka a Galmi, ka faɗi haka, ka ambaci waɗanda sunka gan ka.

Sannan ka kai kuka a rubuce. Maganar baki iska ce ke ɗauke ta. Ga yadda za ka rubuta:

"Zuwa ga shugaban banki. Ni ne wane ɗan wane, daga gari kaza. Lambar ajiyata kaza. Ranar kaza an fidda 15.000 F sau uku daga ajiyata. Ba ni na fidda ba, ban kuma sa kowa ba. Na rufe katina ranar kaza. Ina roƙon a bincika a maido mini kuɗɗina."

Malaminku ko wani ɗan makaranta shi juya ta da Faransanci. A yi kofi biyu. Ka ba da guda, a buga maka hatimi bisa gudan, ka koma gida da ita. Hukumar da ke sa ido bisa bankunan ƙasashenmu, wadda mazauninta ke Abijan, ta ba da umurni a 2020 cewa banki shi amsa kukan mai ajiya cikin wata guda. In wata ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamshe ka ba, kana iya kai kukan gaban wagga hukuma. Takardarka mai hatimi ita za a fara tambaya.

Ka kuma kai ƙara wurin jandarma ko komisariya. Satar kuɗɗi ta salula da intanet laifi ne da dokar ƙasarmu ta 3 ga Yuli 2019 ke hukuntawa. In wani ya kira ka ya yaudare ka, kada ka goge lambarshi ko saƙonshi. Ka nuna musu.

Ba za mu ce muku duk kuɗɗin da anka sace suna dawowa ba. Waɗanda anka fidda da katinka da kod ɗinka kafin ka rufe shi, nemansu na da wuya. Waɗanda anka ci ta intanet alhali katin na aljihunka, kukanka ya fi ƙarfi bisa su. Kuma duk kwanan da ka ƙara kana jin kunyar faɗi, ɓarawo na ƙara ɗiba.

Masu katin naira

Mutanenmu da ke fatauci Illelar Najeriya da Sakkwato, wasu na da katin bankin can. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da yawa sun saba da masu ƙaramin injin nan na hannu da ake ce ma POS. Kafin ka buga kod, karanta adadin da ke bisa injin da idonka. 5.000 da 50.000 sifili guda ne tsakaninsu. Ka rufe hannunka da gudan hannun in kana bugawa. In mai injin ya ce bai wuce ba a sake, ka amshi takardar farko tukuna, ka duba saƙon salularka. In kuɗɗi sun ɓace a katin naira, bankin can za ka kai ma kuka, in bai biya bukata ba sai babban bankin Najeriya. Dokar sefa ba ta aiki bisa shi.

Aikin makaranta

Wata mata ta zuba 120.000 F. Ta fidda 25.000 F, ta sake fidda 10.000 F. Relebe ya nuna saura 65.000 F. Nawa sunka ɓace? Kowa shi yi lissafin cikin littafinshi. Bayan haka kowa shi rubuta takardar kuka da sunan wagga mata, a karanta gaban aji. Wanda ke da kati shi zo da lambar tarhon opozisiyo ta bankinshi a rubuce ranar darasi mai zuwa. Katin da kod ɗin a baro su gida.